Kyanwar Baba da Takardar Likita

"Ko kyanwar nan ko ni, Baba. Ka zaɓa."

Baba ya dubi babbar 'yarsa, ya dubi kwalin da ta rufe kyanwar a ciki yana motsi a bakin ƙofa. A ransa tuni ya zaɓa, bai dai faɗa ba. Shekara biyu ke nan yana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, kuma in ya dawo a galabaice, kyanwar ce kaɗai ke tarbarsa ba tare da ta tambayi kofi nawa na ruwa ya sha ba.

"Likita ne ya rubuta," ta ce, tana kaɗa takardar asibiti. "Ƙwayar toksoplasma a kashin kyanwa take. Mai wankin ƙoda jikinsa ba ƙwari, in ta shige shi har ido da ƙwaƙwalwa take taɓawa."

"Layin farko ke nan, uwata. Ƙarasa mana, idona ba ya gani."

Ƙarya yake, sau uku ya karanta takardar a mota.

"Ana kuma ɗaukar ƙwayar daga naman da bai dahu ba," ta karanta, murya ta ɗan sauka. Ita ce fa mai gasa masa hanta ta sauke da jini-jini, wai don ta ƙara masa jini. "Ganyen da bai wanku ba. Ƙasar lambu."

Baba ya tauna latas ɗin da ta kawo masa a hankali, yashi ya ce ƙaras. Daga lambunta na bayan gida ta tsinko, inda duk kyanwoyin unguwa ke zuwa biyan buƙata kowace safiya. Tasa kuwa, baiwar Allah, shekara tara ba ta sauko daga bene ba, ko ɓera ta gani sai ta hau kujera.

"Saura layi ɗaya," ya ce.

Ta karanta kamar mai haɗiyar magani: "Ba dole a rabu da kyanwa ba. Mara lafiya dai kada ya taɓa kashinta. Wani mai lafiya a gidan ya riƙa kwashewa kullum, ya wanke hannu."

Su biyu ne a gidan.

Kyanwar ta ture murfin kwali, ta tako ta haye cinyar Baba.

"Allah ya ƙara miki lafiya, uwata," ya ce. "Abin kwashewar yana bayan ƙofa."

Ta cilla takardar a kan faranti, ta fice, ta bugo ƙofar har sai da labule ya tashi.