Abin da Aka Tono a Ramin Jar Ƙasa

A shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Zariya, Safiyatu takan dama fura a Samaru ta ɗauka a ka zuwa Sabon Gari, inda mijinta Umaru ke aikin lebura a titin jirgi.

Wata rana da hantsi ta iske leburori sun bar aiki, sun kewaye ramin da suke haƙar jar ƙasa. Sun ɗaga wani falalen dutse, sai ga kogo a ƙarƙashinsa. A ciki akwai wasu halittu a dunƙule, kowanne bai fi ɗan akuya ba, busassu kamar tsohuwar fata. Ba su da ido, sai dogon baki siriri mai tsini.

Shekari, abokin aikin Umaru, mutumin duwatsun kudu ne. Yana leƙawa ya ja da baya.

"Ku mayar da dutsen nan," in ji shi. "Kakanninmu suna ba da labarin ƙasar Dargwai, wadda ta nutse tun kafin a yi mutum. Waɗannan su ne zungwai, karnukan sarkinta. Ƙishirwa ce ta busar da su, kuma ba ruwa suke sha ba, jini ne."

Wasu suka yi dariya, amma aka yarda a rufe. Umaru ya kama gefen dutsen, kaifinsa ya yanke shi a tafin hannu, jini ya ɗiga cikin kogon. Safiyatu ta ga ɗigon ya faɗa kan ɗaya daga cikinsu, fatar ta tsotse shi nan take. Ta ce wa ranta idonta ne. Ta yagi bakin zanenta ta ɗaure masa hannun.

Bayan la'asar suka kama hanyar Samaru su biyu. Dawa ta fi mutum tsawo ta kowane gefe. Can gaba suka tarar da saniyar Fulani kwance a kan hanya, ta lotse, fata ce kawai a kan ƙashi. Babu rauni a jikinta sai ƙaramin huji a wuya. Ko ƙuda bai kai ga sauka ba.

"Malam, mu koma," ta ce.

"Gida ya fi kusa. Ɗaga ƙafa."

Sai suka ji motsi a bayansu cikin dawa, kamar ana jan buhu a ƙasa. Suka ƙara sauri, motsin ma ya ƙara. Umaru ya dubi hannunsa. Tsumman ya jiƙe, jini na ɗiga tun daga inda suka baro.

"Safiya, ajiye ƙwaryar," ya ce a hankali. "Ni yake bi. Ki yanka ta gona ki kira mutane."

Ta ajiye ƙwaryar. Ta ruga. Sau ɗaya ta waiwaya, ta ga abin ya fito hanya. Ya kumbura ya kai maraƙi, fatarsa ja tana sheƙi. Umaru ya kai masa sara da diga, shi kuwa ya soka bakinsa a dantsen Umaru. Umaru bai yi ihu ba, durƙushewa kawai ya yi.

Mazan Samaru suka zo da fartanya da damin kara mai ci da wuta. Sara bai kama abin ba, sai da wuta ta taɓa shi ya saki, ya fashe, jini ya malale hanya. Aka ɗauki Umaru da sauran numfashi. Ya rayu, amma hannun ya bushe har kafaɗa, bai ƙara riƙe diga ba.

Kashegari aka tara itace za a ƙone kogon. An sami dutsen a ture gefe. Shekari ya shiga da fitila kafin a cinna wuta, bai daɗe ba ya fito.

"Kogon ya yi nisa ciki," ya gaya wa Safiyatu. "Makwantansu da yawa babu komai a ciki."

A ranar ya ɗaure kayansa ya nufi garinsu. Kafin kaka Fulani suka kwashe shanunsu daga yankin, dawar da ke bakin hanyar nan kuma ta lalace a tsaye, don ba a sami mai shiga ya girbe ta ba.