Tabo a Kuncin Hagu

A shafi na farko tabon yana nan yadda ta zana shi, baƙi, faɗinsa kamar tafin hannun jariri, daga ƙasan ido zuwa gefen kunne. A tsakiyar littafin ya ƙanƙance. A shafi na ƙarshe, inda ƙawaye suka kewaye yarinyar suna dariya, babu shi sam. Kuncin ya yi sumul, fatar ma an ƙara mata haske.

Mai zanen ta dire shafukan gwajin a kan teburin Editan kamfanin buga littattafai da ƙarfi, har kofin shayinsa ya yi tsalle.

"Wa ya taɓa mini fuskar yarinya?"

Shekara biyu ta yi a kan littafin nan, labari cikin zane domin 'yan mata masu tasowa, na wata yarinya da 'yan ajinsu suka ware har ta samu ƙawayen gaskiya. Ita ke zanawa da fensir da tawada, kamfani kuma ya sa launi a kwamfuta. Fuskar yarinyar kuwa ta 'yarta ce, Auta, mai shekara goma sha ɗaya, wadda aka haifa da tabon. Kullum bayan makaranta Auta kan zauna mata a kan kujerar kicin, tana kallon taga, ita tana zane.

Edita irin mutanen nan ne da ke fara murmushi tun kafin su ji abin da aka zo da shi.

"Malama, zauna mana. A kawo miki ruwa?"

"Ban zo shan ruwa ba."

"Ɗan gyara ne kawai. Mun nuna wa masu shagunan littattafai, suka ba da shawara. Kin san yara mata, suna son jarumar da za su yi burin zama irinta. Ta fara da baƙin ciki, ta ƙare da farin ciki, ido ya ga canjin. Shi ke nan."

"Wato sai tabo ya tafi sannan ƙawaye su zo? Malam, ka karanta littafin kuwa, ko hotuna ka kalla? Ƙaryar da na zauna in rushe ke nan, kuka ɗauko ta kuka dasa mini a shafin ƙarshe!"

"Ki yi haƙuri, ai a hankali muka rage shi. Ba kowa zai lura ba."

Wannan maganar ce ta ƙarasa tunzura ta. A hankali, kamar ɓarawon da ke yabon kansa don bai fasa ƙofa ba.

"Ba ƙurji ba ne da zai warke. Da shi aka haife ta, da shi za ta tsufa. 'Yata za ta buɗe littafin nan ta ga uwarta ta goge ta da hannunta. Abin da kake so ke nan?"

Murmushin ya ɗan dushe. Ya ce ba za a buga ba sai da amincewarta, amma injin buga littafi yana jira. In ta ƙi, wani littafin zai shiga gurbin, nata kuma bai san ranar da za a waiwaye shi ba.

"Kada ma a waiwaye shi," ta ce. Ta kwashe shafukan ta fita, ba ta ko ja masa ƙofa ba.

A cikin motar haya zuciyarta tafasa take yi. Ba yau ta fara wannan faɗan ba. Ta yi da ma'aikaciyar asibitin da ta miƙo mata jaririya tana cewa "Allah sarki." Ta yi da yayar mijinta, wadda duk zuwanta gidan sai da sabon man goge tabo a jaka. Ta yi da malamin da ya tsayar da Auta a gefe ranar hoton aji, ya ce ta juyo da damarta. Duk ta wanke su tas, ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kuma ga mai kofin shayi.

Da ta isa gida ta watsa shafukan a teburin falo, kusa da nata zanen na asali, ta shige kicin tana buga tukwane kamar su suka yi mata laifi. Ba ta ji shigowar Auta ba. Sai da ta leƙo falo ta gan ta.

Auta na tsaye da kayan makaranta, ko jaka ba ta sauke ba, shafin ƙarshe na hannunta.

"Ajiye wannan, shirme ne. Na riga na gaya musu ba za a buga shi ba."

"Umma, haka zan zama ke nan in babu shi?"

"Ke, yadda kike ɗin nan kin fi wannan kyau sau dubu."

"Kullum haka kike cewa." Yarinyar ta faɗa cikin fushi. "Ke kaɗai ke cewa haka. Ba ke kike shiga ajin nan ba. Kin san sunan da suke kirana? Taswira. Har waɗanda nake zama da su, in sun ɗauka ba na ji. Yanzu 'yan ajinmu ne kawai, ke kuma kina so duk wanda ya sayi littafi ya gani. Kin tambaye ni kafin ki sa fuskata?"

"Don ke na yi shi, Auta."

"To in don ni ne, ki bar su su buga wannan. Ko a takarda ne in ga kaina haka."

Mai zanen ta buɗe baki. Amsoshin da ta saba jifan mutane da su suna nan cike da bakinta, sai dai babu ko ɗaya da aka yi domin wannan yarinyar.

Auta ta mayar da idonta kan shafin, hannunta na hagu ya tashi da kansa ya kwanta a kuncinta.

Uwar ta dubi hannun, ta dubi zanenta da ke baje a tebur. A aji, hannun na nan. A filin wasa, yana nan. A bakin ƙofar makaranta, yana nan, tabon na leƙowa ta tsakanin yatsu. Har ta taɓa yi wa Edita alfahari da shi, ta ce haka 'yarta take zama, yarinya ce mai zurfin tunani. Shekara biyu tana zana yatsun nan har da faratansu, ba ta taɓa tambayar abin da ya kai su wurin ba.

Wayarta ta fara ƙara a cikin jaka. Ta san Edita ne. Auta ta ɗago tana kallonta, tana jira, ba ta sauke hannun ba.