Zobe a Jikin Gilashi

Ranar da Mama ta taka jiƙaƙƙen kafet a gindin tankin kifi, ko salati ba ta yi ba. Durƙusawa ta yi, ta dangwala yatsa ta kai baki. Gishiri. Tankin ne ya fara yoyo.

Ta ɗago ta dubi mijinta. Kyaftin na nan a keken marasa lafiya inda ta ajiye shi tun safe, fuskarsa dab da gilashin. Bai taɓa zama kyaftin ba. Makanikin ɗakin inji ne a jirgin ruwa, abokai suka laƙaba masa sunan, sunan ya biyo shi har gida. Da ya yi ritaya sai ya ce tunda teku ta sallame shi, shi zai kawo ta falo. Ya haɗa ruwan gishiri da duwatsu, da murjani mai rai, da kifaye masu launi kamar an yi musu fenti. Ya kafa dokoki biyu. Ƙofar kicin a rufe, kada tururin mai ya sauka a ruwan. Sannan kada wanda ya kuskura ya ƙwanƙwasa gilashin, kifi na firgita. Jikoki sun sha tsawa a kan wannan.

Sai ga shanyewar ɓarin jiki. Ta ɗauke masa magana, ta ɗauke hannun dama, ta sandarar da wuya. Yara suka zo suka yi kuka suka koma garuruwansu. Gidan ya yi tsit, in ban da gurnanin famfon tanki.

Wata rana tana kicin ta ji ƙwas-ƙwas. Ta fito a guje, ta tarar mai doka ne da kansa ke karya doka, yana buga zoben azurfarsa na hannun hagu a jikin gilashi. Tun daga ranar sautin ya zama muryarsa. Da ta ji, sai ta saki abin da ke hannunta ta zo. Wani lokaci ruwa yake so. Sau da yawa kuwa ba ta gane abin da yake so, domin ko kallonta ba ya yi, idonsa na kan tankin.

Ta sa roba a ƙarƙashin inda ke ɗiga, ta kira babban ɗansu, wanda kowa ke ce wa Injiniya.

"Dama tankin ya yi wa kifayen kaɗan, Mama," in ji shi. "Murjanin nan har ya kusa leƙo saman ruwa. Baba ya daɗe yana burin babba. A yi babban kawai, amma na akirilik."

"Wane ne kuma haka?"

"Wata roba ce mai kauri, garau kamar gilashi. Ba nauyi, kuma ko keken Baba ya buge ta ba za ta fashe ba. Babban gilashi cike da ruwa a gaban mara lafiya? Gaskiya hankalina ba zai kwanta ba."

"To ƙwanƙwasawar fa? Za ta ji zobe?"

Ta jiyo ƙarar motoci a bayansa.

"Mama, kada ki ji haushi. Kifin nan mai ruwan ɗorawa yake wa, ba ke ba. Na lura da na zo. Ki daina gudu daga kicin, wata rana faɗuwa za ki yi, mu rasa wanda za mu kama a cikinku."

"Allah ya yi maka albarka," ta ce, ta kashe wayar.

Washegari da nas ta zo yi wa Kyaftin gashin ƙafa, Mama ta yafa mayafi, ta sunkuya gaban kekensa.

"Ara mini, yanzu zan dawo maka da shi."

Zoben ya zame ba gardama, yatsan ya rame. Hannun ya bi ta kaɗan a iska, sannan ya koma cinya.

Shagon kifin dogo ne, mai sanyi, ko'ina shuɗin haske da ƙarar ruwa. Mai shagon, wani mai tumbi da hannun riga a jiƙe, ya san Kyaftin tun yana zuwa da ƙafarsa ya yi musu na awa guda a kan gishiri. Ya shiga zagayawa da ita, bakinsa ba ya hutawa.

"Wannan kamfanin, Mama, akirilik zalla suke yi. Duba kusurwa, a lanƙwashe, babu gam balle ya saki. Sai dai ƙwayar yashi ɗaya ta shiga abin gogewa, shi ke nan ya samu zane. Wancan kamfanin kuma farin gilashi ne tas, ba baki ba ɗamara, na 'yan gayu. Na ƙarshen can tsohon yayi ne, gilashi mai ɗan kore, da baƙin firam da ɗamara a sama. Muni kam akwai shi, amma ya fi ni ƙarko."

Mama ta ciro zoben daga jaka, ta nufi wani ƙaton tankin akirilik cike da kifi.

Tuf. Tuf.

"Kai, Mama! Ba a bugawa!"

"Na sani. A gidana aka kafa dokar." Ta nuna wata ƙofa a ƙarshen shagon. "Can ina ne?"

"Sito ne."

"Shiga ka rufe. In ka ji wani abu ka yi magana."

Ya dube ta, ya dubi zoben. Da alama ya gane zoben waye, domin nan take ya ja tumbinsa ya shige ya turo ƙofa.

Ta sake buga akirilik ɗin. Sautin ya mutu a nan inda aka haife shi, kamar an buga katifa.

"Ka ji?"

"Kin fara ne?" ya amso daga ciki.

Ta matsa ga farin gilashin 'yan gayu. Kaurinsa ya kai yatsa, ya ba da sauti mai nauyi.

"Kamar na ji, kamar ban ji ba!"

Ta ƙarasa ga mummunan, mai baƙin firam. Wani kifi mai jan baki ya zo ya tsaya yana harararta. Ta ce masa ya yi haƙuri, ta buga.

Ƙwas-ƙwas.

"Wannan ko barci nake sai na tashi!"

Da ya fito ta ce wannan za ta saya, ya jero mata sharuɗɗa. Nauyinsa sai ƙarti sun taru. Ba zai shiga falo ba sai an cire ƙyaure. Kuma sabon tanki ba a zuba masa kifi nan take, sai ruwan ya yi makonni yana zagaya duwatsu shi kaɗai har ya nuna, in ba haka ba duk su mutu. Kifin Kyaftin da murjaninsa za su zauna a shago kafin nan.

"Ruwa da dutse kawai zai riƙa kallo, Mama. Zai jure?"

"Za mu gani," ta ce. Ita ma abin da take son gani ke nan, kuma shi take tsoro.

Injiniya ya yi faɗa a waya har muryarsa ta dushe, daga baya ya ce a sa katako a ƙasa ya tare ƙafar keken. Aka sa. Ƙarti suka zo suka cire ƙyaure, suka shigo da tankin suna nishi. Aka kwashe kifayen a bokitai. Mai ruwan ɗorawan ne ya fi ba da wahala, sai da aka ɗaga dutse aka kamo shi. Kyaftin na kallo, zobensa ya dawo yatsa, hannun kwance a cinya.

Daga nan shiru ya sauka.

Ta ajiye shi gaban sabon tankin, ya zuba wa duwatsu ido. Ta bar ƙofar kicin a buɗe, tunda babu kifin da tururi zai cuta, kuma don kada ya buga a hankali ta rasa ji. Ta daina kunna rediyo. Ta koyi ajiye murfin tukunya ba ƙara. Famfon wanke-wanke ma sai ta rage shi ya zama zare. Kwanaki suka yi ta wucewa, ko sau ɗaya zobe bai taɓa gilashi ba.

Injiniya ya kira ya tambayi jikin Baba. Bai tambayi ƙwanƙwasawa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta zauna a kujerar kicin da wayar a hannu har allon ya mutu. Ashe duk gudun nan da take yi, kifi ake kira take amsawa.

Ranar da ta haƙura, da la'asar ne. Ta ɗora mai a wuta, ta ga hayaƙi na neman falo, ta sa ƙafa ta tura ƙofar ta rufu. Ta kai hannu ga rediyo.

Ƙwas-ƙwas.

Hannun ya tsaya a iska. Ba ta motsa ba. Kunne ma yana yi wa mutum ƙarya in ya daɗe yana jira.

Ƙwas-ƙwas-ƙwas.

Ta sauke man, ta fito a hankali. Babu ko kifi ɗaya a tankin, ruwa ne da dutse. Kyaftin bai juyo ba, wuyan ba ya juyawa. Ta zo bayansa, ta sunkuya har kuncinta ya kusa taɓa kunnensa, ta kalli inda yake kallo. A jikin gilashin, a saman duwatsun, ga ƙofar kicin ta fito raɗau, har da gefen murhu da kujerar da take zama. Ga kuma fuskarsa, da ido ɗaya mai rai yana kallon tata fuskar.

"Kai dai ba ka da dama," ta ce. "Duk kwanakin nan kana kallona, ka bar ni ina yawo da sanɗa a gidana kamar ɓarauniya?"

Yatsan ya ɗan motsa a kan cinya.

Ta gyara masa bargo, ta goge masa gefen baki da bakin mayafinta. Sannan ta koma kicin, ta tura ƙofar ta rufe da gangan, ta jingina bayanta da ita tana jira.

Ƙwas-ƙwas.

"Na ji, Kyaftin," ta ce. "Bari in ɗan ƙara ji tukuna."