Safin da Radi Ya Sayo a Kasuwa

A ƙauyukan Sitra, in ana zancen kifin safi, sunan Radi ɗan Makki ne ke fara zuwa baki. Tun yana saurayi yake zuba tarkunan waya a teku, da su ya gina gida, da su ya aurar da ɗansa Mirza. Amma tun da aka fara cike bakin teku da yashi ana dasa gine-gine, ruwa ya gurɓace, ciyawar da safi ke ci ta mutu. Radi ya ci gaba da fita kullum da asuba, sai dai abin da ke shiga tukunyar gidansa yawancin ranaku kazar kanti ce mai ƙanƙara. Bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Da aka sa ranar auren autarsa Batul, uban ango, wani ma'aikacin gwamnati mai suna Abdulnabi, ya aiko cewa zai zo da iyalinsa cin abincin ranar Juma'a. Ya ƙara da cewa kada a wahala da yanka rago, shi dai safin Radi da ya daɗe yana jin labari yake so.

Duk makon nan Radi ya yi ta ɗaga tarkuna, ban da ƙaguwa da 'yan ƙananan kifayen da ko mage za ta raina, bai samu komai ba. Ranar Juma'a da safe ya ɗauki kwandonsa na cikin jirgi, ya tsallake kasuwar Sitra inda kowa ya san shi, ya tafi babbar kasuwar Manama. Ashe a can ma bai tsira ba. Teburin da ya tsaya a gabansa na Juwad ne, wanda shekaru da dama yake sarin kifi a hannunsa.

"Ikon Allah, Abu Mirza, yau kai ne a wannan gefen tebur?" in ji Juwad yana dariya, yana kiransa baban Mirza kamar yadda aka saba. "Ko ka zo duba ko muna cutar mutane ne?"

Radi ya ce baƙi ne suka yi yawa, abin da ya kamo ba zai isa ba. Juwad ya dubi kwandon, ya ga babu ko ɓawo a ciki, sai dariyar ta tsaya. Ya zaɓo masa mafi kyau, ya gaya masa a hankali cewa na Oman ne, jiya mota ta kawo shi cikin ƙanƙara.

A gida matarsa Khatun ta zazzage kifin a kwano, ta danna ɗaya da yatsa, ta ga wurin bai taso ba. Ta dube shi, ya kau da kai. Sai ta ninka wa kifin busasshen lemon tsami da kayan ƙamshi fiye da yadda ta saba.

Baƙi suka zo bayan an sauko daga masallaci, aka shimfiɗa, aka kawo shinkafa mai zaƙin dabino da soyayyen safi a kai. Abdulnabi mutum ne mai fara'a da yawan magana. Aikinsa shi ne haɗa lissafin abincin da ƙasa ke ci, don haka yana ci yana bayani. Ya ce lokacin ƙuruciyarsu kifi ne abincin kowane gida, kaza kuwa sai mara lafiya ko mai jego. Yanzu kazar da jiragen ruwa ke kawowa ta sha gaban kifi nesa ba kusa ba, ɗan kifin da ya rage ma rabonsa raguwa yake yi kowace shekara, kuma mai yawa daga cikinsa daga waje yake zuwa. Ya ɗaga tsoka ya nuna wa ɗansa, angon.

"Hani, ci ka ji. Wannan shi ne ɗanɗanon tekunmu, ba irin na kasuwa da ya kwana a mota ba. Ka yi dacen suruki."

Radi ya ɗauki ruwa ya sha. Mirza, wanda ya san halin da ake ciki, ya sunkuyar da kai yana cire ƙaya. Kafin su tafi Abdulnabi ya roƙi alfarma a tafi da shi teku, ya ce rabonsa da shiga jirgin masunta tun yana yaro. Dole Radi ya amince.

Asabar ta gaba suka fita tare. Abdulnabi ya zo da babban akwatin ƙanƙara, wai don ya raba wa maƙwabta. Tarko na farko ya fito da ciyawa da leda. Na biyu ƙaguwa. Radi ya ce iska ce ta juya, suka ƙara gaba. Rana ta take, zufa ta jiƙa masa riga, yana ja yana mayarwa, maganar baƙon kuwa tana ta raguwa har ta ƙare. Abin da suka haɗa duka bai rufe gindin akwatin ba.

A hanyar dawowa Abdulnabi ya tambaye shi ko an daɗe a haka. Radi ya ce an kwana biyu. Abdulnabi bai tambayi inda kifin Juma'a ya fito ba, Radi kuma ya gwammace a ce ya tambaya. Can sai Abdulnabi ya ce, yana kallon gine-ginen da ke bakin ruwa, shi kullum yana rubuta raguwar kifin nan a takarda, amma ya ɗauka akwai gidajen da abin bai shafa ba.

"Ka yafe mini, Abu Mirza. Na yi ta zuba a gidanka ban san me nake takawa ba."

Wannan ban haƙurin ya fi komai yi wa Radi ciwo. Ya ce babu komai, ya mai da hankali kan injin.

An yi bikin Batul lafiya, surukan kuma suka zauna da mutunci. Abdulnabi bai taɓa ɗaga zancen ba, ko ga matarsa. Amma Radi ya daina sakewa a gabansa. In ya ji motarsa a ƙofar gida sai ya tuna yana da abin gyara a jirgi. Da sanyi ya shigo, wani kamfani mai kai 'yan yawon buɗe ido tsibirai ya nemi wanda ya san hanyoyin ruwa. Mirza ya kawo masa maganar yana ɗari-ɗari, yana jiran faɗa. Radi ya tambayi ranar da ake fara aiki, sannan ya ce a nemo wanda zai ɗauki tarkunan kafin su yi tsatsa.