Sauti Tara a Ɗaki na Sha Huɗu

Ranar da na fara jin karin kiɗana yana fitowa daga yatsun wani, ina zaune ne a ɗaki na sha huɗu, burodi da cuku a bakina, takalmina yana ɗigar da ruwan saman birnin Bergen a kan dabe. Sauti tara ne. Biyar su hau, a ɗan tsaya kamar mutum ya ja numfashi, huɗu su sauko. Na ajiye burodin na manna kunnena a bango. Aka sake bugawa a fiyanon ɗakin da ke maƙwabtaka da nawa, ko kuskure ɗaya babu.

Ba sai na leƙa takardar da ke jikin ƙofa ba, na san wanda ya kama ɗaki na sha biyar. Sindre ne, abokina tun shekararmu ta farko a sashen tsara kiɗa na jami'a. Dogo nake ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga kowace ƙofa. Shekara uku muna cin abinci a tebur ɗaya, na san ramin haƙorinsa, ya san ranar da mahaifina ya rasu. Shi ne yau yake buga mini abina ta bango, har da ƙara masa ado ta hannun hagu.

Ga yadda lamarin yake. Mu shida ne a ajin ƙarshe, kowa zai miƙa kiɗa na minti goma da ya tsara wa cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Da shi ake ba mutum digiri, wanda ya fi kyau kuma a buga shi a babban zaure a watan Yuni. Ba a rubuta suna a jikin takardun. Sunanka yana cikin ambulan da ka liƙe da kanka, tare da bayanin duk abin da ka aro daga wani, in ka ara. Har a buɗe ambulan ɗin nan ba ka da izinin gaya wa kowa komai game da aikinka. Wanda kuma aka kama ya ɗauki abin wani bai rubuta ba, a janye aikinsa, ya maimaita shekara. Ni kuwa kiɗana gaba ɗaya a kan sautin nan tara na gina shi. Goge ya ɗauka, sarewa ta karɓa, a ƙarshe ƙaho huɗu su rufe da shi. In aka zare shi babu abin da zai rage mini sai shara.

Da rana na same shi a kantin makaranta yana lafta wa wainarsa jam na 'ya'yan itace kamar ba gobe.

"Ke 'yar tsibiri, wa ya mutu?" in ji shi. "Kin ga fuskarki kuwa?"

"Dogo, aikinka yana tafiya?"

"Yana rarrafe dai."

"Da me ya fara?"

"A'a! Yau kuma ni za ki sa a kora? Doka fa ta hana."

"Ai ban ce ka rera mini ba. Sauti nawa ne kawai?"

Ya yi dariya ya turo mini rabin wainar. "Ci, uwar masifa. Yunwa ce ke damunki."

Dariyar nan ba ta kwanta mini ba. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as, na ce a raina, ga shi nan ya kauce da wasa. Na fara lissafin baya. Sau nawa na bar masa jakata na tafi banɗaki? A watan Nuwamba ya taɓa cewa in ba shi aron abin goge fensir, ni da bakina na ce ya duba cikin jakar. Littafin da nake rubuta kiɗana kuwa yana ciki. Littafin nan shi ne raina. Farfesa Brekke, malamar da ke duba aikinmu, tun ranar farko ta kafa mana doka: a rubuta kiɗa da fensir, amma a saman kowane shafi a rubuta rana da ɗaki da lokaci da biro, don kada a goge. Muna tseguminta a kan haka, muna dai rubutawa.

Washegari na ɗana masa tarko. Na tsinke gashina guda ɗaya na sa tsakanin shafukan littafin, na ajiye jakar a ƙasa kusa da ƙafarsa, na ce ina zuwa. Na laɓe bayan allon sanarwa ina leƙe. Ni Torunn, mace mai shekara ashirin da uku, ina laɓe kamar kyanwa! Can sai na ga ya sunkuya ya ɗauki jakar. Ya ɗora ta a kan kujera, ya sa hannun riga ya share ruwan da ya jiƙa gindinta, ya ci gaba da shan kofinsa. Da na koma ɗaki na duba, gashin yana nan inda na sa shi. Kuna tsammanin hankalina ya kwanta? Ina! Cewa na yi ya riga ya kwafe abin da yake so tun tuni, me zai sake nema.

Daga nan komai nasa ya zama hujja. In ya gaishe ni da fara'a, kunya ce ta ɓarawo. In ya wuce da sauri, gudu yake. Na daina zama a teburinmu. Na koma rubutu ina kare shafi da hannun hagu. Litinin da safe kuwa, lokacin da na fi so, sai na toshe ramin makulli da takarda. Ni kaɗai ke kama ɗaki ƙarfe takwas da rabi na Litinin, don a lokacin ne wani tsoho mai jakar fata yake bin ɗakuna yana saita fiyano, sai in sami nawa garau ba wanda ya taɓa shi. Wata safiya ma har na bangaje tsohon a ƙofa saboda sauri, kayan aikinsa suka zube, ban ko tsaya ba.

Sindre ya tare ni sau ɗaya a matakala, lemarsa tana tsiyaya.

"Torunn, me na yi miki? In bakina ne ya yi wari ki faɗa, in sayi magani."

"Kai ka sani."

"Na rantse ban sani ba."

"To za ka sani."

Na wuce na bar shi tsaye. Na ji daɗin maganar nan har na maimaita ta a hanya.

Muka miƙa aiki a ƙarshen Afrilu. Kwana uku na iya daurewa, a na huɗu na buga ƙofar Farfesa Brekke. Mace ce 'yar ƙarama, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta taɓa ce wa kowa aikinsa ya yi kyau ba sai dai ta ce "ci gaba". Na zayyana mata komai, bango da jaka da abin goge fensir. Gashin ne kawai na ɓoye.

Ta cire tabarau. "Mun lura akwai ayyuka biyu masu kari iri ɗaya. Ki bari a buɗe ambulan nan da mako uku, komai zai fito."

"In aka zaɓi nasa kafin nan fa?"

"Kin yi masa magana?"

"Ana tambayar ɓarawo ko ya yi sata?"

"Torunn," in ji ta, "in kika kawo ƙara a rubuce, dole in tara kwamiti, a buɗe ambulan ɗinku biyu nan take. Daga nan babu sauran hira, sai doka. Ta hau kan wanda ta hau."

"Abin da nake so ke nan."

Ta mayar da tabaraunta. Sannan ta miƙo mini takarda da biro. Tsuntsun da ya ja ruwa, ai kun san sauran.

Aka sa zama ranar Litinin ƙarfe tara. Malamai uku a bayan tebur, ni a wannan gefe da littafina a ƙirji, Sindre a wancan gefe, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa don kujerar ta yi masa kaɗan. Ko sau ɗaya bai dube ni ba. Na ga idonsa ya yi ja, na ce a raina tsoro ne.

Ni aka fara ba dama. Na buɗe littafin a shafin da sautin tara suka fara zuwar mini, na tura gabansu da ƙarfi har kofin wani malami ya girgiza. "Ga shi nan. Watan Satumba. Da biro, kamar yadda aka koya mana. Ya nuna nasa in ya riga ni."

Farfesa Brekke ta sa wuƙar takarda ta farke ambulan ɗina. Ta karanta sunana. A wurin bayanin aro na rubuta babu, har na ja masa layi biyu. Ta farke na Sindre, ta karanta sunansa, sannan ta ci gaba da muryarta ta kullum: "An gina wannan kiɗa a kan karin Halvard Myhre, da izininsa."

Na ce, "Wane ne kuma Halvard Myhre?"

A nan ne Sindre ya juyo. Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Shekara uku, Torunn," in ji shi a hankali. "Shekara uku yana saita miki fiyano duk Litinin, ba ki san sunansa ba?"

"Me ya haɗa shi da karina?"

"Duk fiyanon da ya gama saitawa, da shi yake gwada shi. Sau biyu, sannan ya rufe. Shi ya tsara abinsa yana saurayi, ya kawo nan wurin jarrabawar shiga, ba a ɗauke shi ba. Na tambaye shi tun bara ko zai ba ni, sai da ya yi mako guda yana tunani."

"Ƙarya ne! A kaina ya zo mini. Ina zaune ni kaɗai, ina fiƙe fensir..."

Farfesa Brekke ta jawo littafina ta sa yatsa a saman shafin, inda na rubuta da birona. Litinin, ɗaki na sha huɗu, takwas da minti arba'in. Ta buɗa gaba inda karin ya sake fitowa. Litinin. Ta sake buɗawa. Litinin. Juya shafi kawai take yi, ni kuwa ina jin kunnuwana suna zafi kamar an ɗora musu garwashi.

Sindre ya miƙe, kansa ya kusa dukan fitila. "Ba da saninta ta yi ba. Kowa ya san Torunn, ko cokalin kanti ba ta ɗauka. A bar ta ta gyara ambulan ɗin mana."

"Da ta jira mako uku, ko da ta tambaye ka, da an sami hanya," in ji Farfesa Brekke. "Yanzu magana tana rubuce. Ita ta nemi doka." Ta dube ni. "An janye aikinki. Za ki kawo wani baɗi."

Ta rufe littafin ta miƙo mini da hannu biyu. Ban san yadda na fita ba. Na dai san Sindre ya riƙe mini ƙofa, da na buɗe baki zan yi magana ya girgiza kai ya ce ba yau ba, ya bi ta matakala.

Ƙafata ta kai ni ɗakunan gwaji don ba ta san wata hanya ba. Tun daga nesa na ji ana ɗaure wayar fiyano, sauti ɗaya ana ta maimaita shi har ya daidaita. Aka yi shiru. Sai ga su nan. Biyar suka hau, aka ja numfashi, huɗu suka sauko. Aka sake. Aka rufe fiyano. Na jingina da bango, wallahi kunya ta kusa kashe ni a tsaye.

Ƙofar ɗaki na sha biyar ta buɗe, tsohon ya fito da jakarsa ta fata. Yau ne na fara kallon fuskarsa. Yana da tabo a gira, kuma idonsa ɗaya ya fi ɗaya lumshewa.

"Ina kwana, Torunn," in ji shi. "Yau kin makara. Naki ya daɗe da shiryawa."

Na ce, "Ina kwana, Halvard." Sunan ya yi mini nauyi a baki.

Ya tsaya yana gyara maɗaurin jakar, kamar mai shawarar ko ya faɗa ko ya bari. "Tun kaka nake jin ki ta bango, kina juya ɗan abin nan nawa. Wurin da kika rage masa gudu a ƙarshe, ni ban taɓa tunanin haka ba. Dogon yaron nan ya zo ya tambaye ni. Ke ba ki zo ba, na ce wa matata ai kunya ce irin ta mutanen tsibiri, za ta zo in ta shirya." Ya yi murmushi. "Har ta sa na sayi sabuwar kwat. Ta ce cikin kiɗanku biyu dole a buga ɗaya a babban zaure. Na ce mata ni dai na yarinyar nake so in ji."