Fiton Motar Kevin

Malam Obadiah bai taɓa son motar nan ba, kuma duk Kwoi an san haka, domin shi ba ya ƙin abu a ɓoye. Shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi, ya yi ritaya da tsohon babur ɗinsa da ra'ayi a kan komai. Ranar da ɗansa Kevin ya zo da baƙar motar Jamus daga Abuja, mai ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta, tsohon ya zagaya ta sau ɗaya ya tambayi buhun citta nawa take ɗauka.

Abin bai tsaya nan ba. Kevin ya yi odar wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi, wai shi turbo, ya ɗaura wa injin da hannunsa. Aikinsa shi ne cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Daga ranar motar ta koyi rashin kunya: in an taka ta sai ta yi fito siriri, in an ɗaga ƙafa sai ta yi atishawa. Kowace Asabar da la'asar, tun daga gangaren kasuwa ake jin Kevin ya iso. Uwarsa Afiniki, wadda yanar ido ta rage mata gani, da kunne take tarbarsa. Tana jin fiton sai ta ɗora tukunyar gwaten acca.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke Kevin, cikin wata huɗu, yana da shekara talatin da ɗaya. Washegarin jana'iza, Zamani makanike ya zo gaisuwa daga Kafanchan. Shi abokin Obadiah ne tun suna ƙungiyar mawaƙan ikkilisiya, ya tsufa a ƙarƙashin motocin Fijo yana gyara. Obadiah ya nuna motar da haɓa ya ce, "In ka sami mai so, cire turbon nan ka sayar. Ba na son in sake jin shi." Zamani ya ce to, ya kuma ja masa kunne kada a bar mota a tsaye, batir zai mutu.

Afiniki kuwa ta shiga ɗaki ta kwanta. Matan zumunta na coci sun zo sun yi waƙa sun gaji, fasto ya zo ya karanta Zabura ya tafi. Ba ta kuka, ba ta gardama, abincin ne dai ake fitar da shi yadda aka shigar. Obadiah ya binne ɗa, ga shi yana kallon matarsa tana bin sa a hankali, kuma tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Wata Asabar, saboda batir kawai, ya ja motar zuwa kasuwa ya juyo. A gangaren nan ƙafarsa ta ɗan yi nauyi, motar ta yi fito, a bakin ƙofa ta yi atishawa. Da ya fito sai ya ga Afiniki tsaye a ƙofar ɗaki, ta dafa bango. Ba ta ruɗe ba, ta san wanda ke tuƙi. Ta ce, "Baba Kevin, akwai acca a gidan nan kuwa?" A ranar ta dafa, ta kuma ci.

Shi ke nan, ya zama musu doka. Kowace Asabar dattijon ikkilisiya mai furfura yana taka mota a gangaren kasuwa kamar ɗan iska, 'yan acaɓa suna yi masa tafi. Shi da ita ba su taɓa yin maganar ba. Sauran kwana shidan takan lallaɓa, amma Asabar tana wanka da wuri, ta zauna gindin mangwaro da ƙwaryar acca a cinya, kunnenta a hanya.

Samari masu son gudu sun sha zuwa daga Abuja da Jos. Tun da dala ta hau, irin wannan turbo ya yi wuya, kuma labari ya bazu cewa akwai ɗaya a Kwoi a hannun tsohon da bai san darajarsa ba. Obadiah yakan ba su ruwa su sha, ya raka su ƙofa. Amma bai taɓa zuwa ya warware maganar da ya yi wa Zamani ba. Ta yaya mutumin da ya shekara uku yana zagin abu zai je ya ce yanzu da shi gidansa ke numfashi? Kunya ta hana shi, daga baya ma ya manta ya taɓa faɗa.

Da sujadar cika shekara da rasuwar Kevin ta matso, ya kai motar Kafanchan ranar Talata a canja mata mai. "Yi mata duk abin da ya kamata," in ji shi. Ranar Asabar da hantsi ya koma ɗauka.

Zamani ya tarbe shi yana goge hannu, fuskarsa cike da farin cikin wanda ya cika alkawari. "Malam, na raba ka da wahala nan. Wancan abu da ka ce, kwastoma ya zo Laraba. Tsohon kayan inji da Kevin ya cire duka yana cikin kwali a but ɗin motar, na mayar masa yadda kamfani ya yi shi. Ji ma." Ya tada motar. Injin ya kama a natse, lafiya lau.

Obadiah ya dafa ƙofar. "Zamani, wa ka sayar wa?"

"Dillali ne. Ya ce kafin ya kai Keffi ma mutum uku suna jira. Ko lamba ban karɓa ba." Ya rage murya. "Kuɗin kuma ban taɓa ba. Na kai wa mai dutsen kabari, na ce ya yi wa yaronmu na mabul, mai kyau. Aikin hannu kuwa gudummawa na ne. Ni ba ni da saniya da zan kawo, sifana na kwance noti nake da shi."

A ƙasar nan ba a mayar da gudummawar makoki, ba a kuma tuhumar wanda ya kawo ta. Obadiah ya dubi hannayen abokinsa, duk sun tsattsage, kwana uku suna aikin da ba a biya ba. Ko da za a sami wani turbo, fanshonsa ba zai kai ba, kuma mai saita shi ya yi wannan muryar yana kwance cikin kabari a bayan gidansu. Ya saki ƙofar motar. Ya ce, "Ubangiji ya sāka maka, ɗan'uwa."

A gangaren kasuwa ya taka har ƙasa. Motar ta hau sumul, ba ta ce komai ba. Ya juya ya sake gwadawa, 'yan acaɓa suna kallonsa. Daga nan ya kai ta bayan coci ya kulle, ya ƙarasa gida da ƙafa.

Tana gindin mangwaro, ta ɗaura sabon zane. Takunsa ta gane.

"Baba Kevin? Da ƙafa? Ina motar?"

Mutumin da ya yi wa yara bulala shekara talatin da biyar a kan ƙarya ya tsaya a gabanta, ya cire hula yana murzawa.

"Zamani bai gama ba tukuna," in ji shi. "Sai Asabar mai zuwa."

Ta lalubi faifai ta rufe ƙwaryar. "To, a ajiye accan," ta ce. "Ba na jin yunwa dama." Ta miƙa masa hannu, ya tashe ta, ya raka ta ɗaki.