Masarar Baƙi

Shekarar da fari ya ƙone geron Turba, wani mai binciken iri, Dakta Kalilu, ya sauka gidan mai unguwa Na'Allah da buƙata ɗaya. Yana neman masarar da ta jure ƙishi a tudu, ya aurar da ita ga irinsu na tashar bincike mai yawan goyo, 'ya'yan su gaji juriyarta.

Irin wannan masara mutum ɗaya ke da ita a garin, Gwaggo Mairama, ƙanwar mahaifin Na'Allah, a bayan ɗakinta. Da aka kawo, Na'Allah ya duba, kunya ta rufe shi. Goyon bai kai tsawon yatsa ba, ƙwayoyin a warwatse kamar haƙoran mai ita. Wannan za a miƙa wa baƙon da ya zo da mota? A je can a ce abin da Turba ke ci ke nan?

Da yake Allah ya hore masa basira, sai ya aika kasuwar garin Isa aka zaɓo masarar fadama, manya-manya, wadda tun da take ba ta taɓa kwana da ƙishi ba.

"Wannan a tudu ta fito?" in ji Dakta, yana juya ta da mamaki.

"Tudu ƙwarai, ranka shi daɗe. Mu nan haka muka noma."

Dakta ya rubuta, ya yi godiya har da riƙe hannu. Na'Allah ya yi mako yana ba da labarin yadda ya fid da gari kunya.

Shekara shida ana ɗaura aure a tasha. Da Dakta ya dawo da irin gwaji, Na'Allah ne ya fara karɓa, ya shuke bayan gidansa kaf, ya sa jama'a suka bi. A ganinsa, irin da mai ilimi ya taɓa, ai ko asalinsa ya manta.

Bai manta ba. Ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu, masarar ta naɗe ganye ta kwanta. Dakta ya tsuguna cikin gonar yana juya takardunsa, ransa a ɓace.

"Uwarta ta jure fari, da hannuna na rubuta. Ina kuskuren?"

Na'Allah ya ce sai Allah. Tsoro ya kama shi, don ba masarar da za ta riƙe gidansa kafin gero ya nuna, ba kuma irin baɗi.

Da la'asar ya lallaɓa wurin Gwaggo Mairama. Mummunar masararta na tsaye, kore shar.

"Gwaggo, iri nika biɗa. Ko kaɗan na."

Tsohuwar ta shiga ɗaki, ta kwanto goyo ɗaya daga inda take ratayewa saman murhu, baƙi ƙirin da hayaƙi.

"Ungo. Sa ta cikin riga, mai unguwa. Baƙonka bai tahi ba, kada shi gani ka ji kunya."